Ɗan Kunnen da Na Gani a Wayar Hajiya

Bari in faɗa tun daga farko kada wani ya riga ni: a wannan labarin ni ne wawan. Ba Hajiya matata ba ce, ba mai gyaran waya ba ne, ba kuma Alhajin Hanwa ba, ko da yake shi har yau ban gama yafe masa ba.

Ni mutum ne mai ilimi daidai gwargwado. Na yi firamare har inda ƙarfina ya tsaya, na kuma yi aikin masinja a wani ofis a unguwar Kongo har na yi ritaya. Wanda ya shekara da shekaru yana ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan ai ba a kira shi jahili ba. Babban abin da aikin ya koya mini shi ne, duk takardar da aka tura ƙarƙashin wata, akwai magana a cikinta.

'Yarmu da ke aure a Kaduna ce ta kawo wa uwarta wayar nan ta shafawa. Ban hana ba, don a lokacin abin da ya dame ni daban ne: mutane sun lalace wajen magana. Limamin masallacinmu ya koma karatu ciki-ciki. Rediyona ta rage murya, na canza batir a banza. Yaran zamani kuwa leɓe kawai suke motsawa, sai dai in ce musu to, madalla, in wuce. 'Yan acaɓan Tudun Wada ne kaɗai suka gyaru, suka daina danna hon. Na yaba musu a majalisarmu ta ƙofar masallaci, aka bi ni da kallo.

A cikin wannan hali na lura da Hajiya. Kullum bayan la'asar sai ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta kai wayar bakinta, ta yi ta yi mata raɗa. Ta dube ni, ta dubi waya, ta sake raɗa. Ni ina kan kujerata rungume da rediyo, ina yi kamar ban gani ba.

Ran nan ta tashi alwala ta bar wayar a kan turmi. Na ɗauka, ba don komai ba, don kada kaza ta ture ta. Sai na ga shafin baƙi ƙirin, a tsakiyarsa an zana malafa da tabarau, babu fuska.

To, a duk dangin Hajiya mutum ɗaya ne ke yawo da malafa da tabarau: Alhajin Hanwa, ɗan kawunta, abokin wasanta, tsohon ma'aikacin gwamnati. Tun ranar ɗaurin aurenmu yake kiranta matarsa, a kowane biki sai ya gaya wa jama'a cewa aro ya ba ni. Da can dariya nake yi. Amma bara matarsa ta gaskiya ta rasu, kuma wasan mutumin da ba shi da mata ba ɗaya yake da wasan mai mata ba.

Na kai maganar wurin aminina a majalisa, wanda ya yi aikin buga tafireta, shi ne masaninmu a harkar na'ura. Na ce wani abokina ne abin ya shafa. Ya matso kusa da ni ya bayyana mini cewa baƙin shafin nan na masu shiga intanet ne da ba sa son a ga sawunsu, da sun fita sai ya share. Amma ya ce kada abokin nawa ya damu, babu abin da ke ɓacewa a na'ura, masu gyara suna tono shi. Game da malafar kuwa, ya ce zane ne kawai, kowace waya da shi. Na bar shi a kan ra'ayinsa. Shi bai san Alhajin Hanwa ba.

Da Hajiya ta shiga maƙwabta barkar haihuwa ta bar wayar a caji, sai na zura ta a aljihu na nufi shagon mai gyaran waya a bakin kasuwa. Mai gyaran wani magidanci ne mai furfura a gemu. Na ce masa wayar matar abokina ce, ana so a dawo da abin da ta bincika a ɓoye. Ya taɓa fuskar wayar, sai ga hotona da babbar rigar sallah. Ya dubi hoton, ya dube ni, ya ce abokin nawa yana kama da ni ƙwarai.

Shi ma irin masu magana ciki-cikin ne, sai da na sa ya maimaita. Abin da na fahimta shi ne baƙin shafi ba ya ajiye komai, aminina ya yi ƙari. Hotunan da aka goge ne kawai kan zauna a kwandon shara na ɗan lokaci, kuma shi ba ya son buɗewa ba da sanin mai waya ba. Na ce masa ni na biya sadakin mai wayar. Ya buɗe, ya miƙo mini, ya kau da kai.

Hotunan wani ɗan ƙaramin abu ne mai lanƙwasa, launin fata, a cikin akwatinsa mai kyau. A hoto na ƙarshe an maƙala shi a kunnen namiji, ga furfura, ga ƙafar tabarau. Na san kunnen nan. Ɗan kunne ne na zamani Alhajin Hanwa ya saya wa matata, kuma don rashin kunya sai da ya gwada a nasa kunnen.

Na lalubo saƙon murya da ya turo mata, na danna, na manna a kunne. Kukan sauro kawai na ji. Na ce wa mai gyara lasifikar ta mutu. Ya yi sauri ya karɓa ya rage sauti, don masu shagunan gefe sun fara juyowa. Sannan ya faɗi wata magana yana kama kunnensa. Na ɗauka gargaɗi yake yi mini in bi a hankali, na ce to, madalla.

A hanyar gida ban yi fushi ba, abin da ya ba ni mamaki ke nan. Tsoro na ji. Na tuna tun na cikin lefe ban sake saya mata ɗan kunne ba. Na tuna kuma an daɗe ba mu yi hira ba, ta yi magana in ce madalla, sai ta tashi. In har ta samu wanda take gaya wa abin da ke ranta, ban san da wane baki zan ce ba ta kyauta ba.

Duk da haka maigida maigida ne. Na shiga ɗaki na sa babbar riga, na fito na same ta a tsakar gida tana tsince wake. Na ajiye wayar a kan tabarma da hoton kunnen a buɗe. Na yi mata jawabi a kan amana, na kawo tarihin zamanmu, na ce na san komai, har malafar na gani.

Ta saurara har na gama. Ta ajiye faifai, ta taso ta zauna dab da kafaɗata ta dama, kusancin da ba ta taɓa yi da rana ba tun tana amarya. Ta kai bakinta kunnena. Rabon da in ji muryarta tar haka har na manta.

Ta ce abin da na gani na'urar ƙara ji ce. Alhaji ya daɗe yana sawa, shi ya sa ta tambaye shi inda ake samu da yadda ake gwada kunne a asibiti. Baƙin shafin kuwa 'yarmu ce ta nuna mata, saboda jikoki in sun zo hutu wayar suke wawura, in suka ga abin da take nema, waƙa za su yi mini da shi har ƙofar masallaci. Hotunan ma don su ta goge. Ta ce manya suna da kara, jikoki ba su da ita.

Na ce to me ya hana ta gaya mini. Ta ce ta gaya mini ba sau ɗaya ba, na ce to, madalla.

A nan ya kamata in yi shiru. Amma wanda ya sa babbar riga don shari'a ba ya son tashi hannu wofi. Na gyara zama na ce duk na ji, sai dai mace ta gari ba ta zama a gaban mijinta tana yi wa waya raɗa.

Ta ɗauki faifanta, ta sake sunkuyowa.

"Wace raɗa, Malam? Kullum a gabanka nake tambayarta maganin kurumtar tsoho mai gardama, da iyakar muryata. Matar maƙwabcinmu ma ta katanga take ba ni amsa. A Tudun Wada kaf, kai kaɗai ne ban ɓoye wa ba, kai kaɗai ne kuma ba ka ji ba."