Ruwa Zai Kai Tagar Coci

Teofila Abarientos, wadda kowa a ƙauyensu na gaɓar tsibirin Samar ke kira Pilang, busasshen kifi take sayarwa tun tana budurwa. Aji huɗu ta yi a makaranta ta bari. Ta haifi 'ya'ya shida, teku ya cinye mata miji tana da shekara arba'in, ta ci gaba da shanya kifinta. Abin da aka fi saninta da shi kuwa shi ne ba ta kwana-kwana a magana. In kifinka ya fara wari, ba za ta ce maka rana ce ba ta fito ba.

Wata Laraba da hantsi takarda ta iso daga babban gari, shafi uku, kan guguwar da ke tafe. Mai unguwa Rosendo, ƙanin marigayi mijinta, ya hau benci a bakin kasuwa da lasifika ya karanta ta kaf, yana tauna manyan kalmomi: yanayi, matsin iska, yiwuwar tumbatsa, matakan da suka dace. Da ya gama aka tafa masa. Masunta suka koma ɗinkin komarsu, mata suka koma ciniki, don guguwa ba baƙuwarsu ba ce.

Hankalin Pilang bai kwanta ba. Ta tare Rosendo ta ce ya bar Turancin nan, ya faɗa mata abin da zai faru. Ya duba, ya ce an rubuta ruwa zai iya tashi mita huɗu.

"Mita huɗun nan ina ta kai, ƙanin miji? Ko kai ma karantawa kawai ka yi?"

Ya sosa ƙeya. Nan take ta ari ma'aunin wani kafinta, ta sari gora, ta auna mita huɗu, ta saɓa ta sai coci, mutane na binta suna dariya wai Pilang za ta kaɗo kwakwa. Ta jingina gorar da bango. Kan gorar ya taɓa tagar sama, inda tsuntsaye ke sheƙa. Dariya ta ɗauke.

Ta fizge lasifikar daga hannun Rosendo.

"Gobe teku zai shigo gari. Zai kai tagar can. Kowa ya ɗauki shinkafa da tukunya da tsohonsa, ya hau tudun makaranta yau kafin la'asar."

Sau uku ta faɗa, ba ta ƙara ko kalma ba. Kai, sai gari ya ruɗe! Masu jan kwale-kwale na ja, masu kora aladu na kora, an ɗauko wata tsohuwa Candida a kan ƙyaure tana zagin masu ɗaukarta. Rosendo da kansa ya bi gida-gida yana maimaita maganarta kamar shi ya ƙirƙiro ta.

Washegari da safe ruwan ya zo. Gida sittin da ɗaya ya tafi da su, har da nata da duk kifin da ta tara. Da aka ƙirga mutane a kan tudu, ɗari huɗu da goma sha biyu, babu wanda ya ɓace. Aka rungumi juna ana kuka ana shewa.

Tun daga ranar duk takardar da ta shigo ƙauyen sai ta bi ta rumfar Pilang. Malamar asibiti kan kawo sanarwar rigakafi, a karanta mata, ta rage ta zuwa layi biyu. Har limamin coci ta taɓa ce wa huɗubarsa ta yi romo da yawa, nama kaɗan.

Bana shekararta saba'in da ɗaya. Kwanan baya wani gwauro, Eusebio masunci, ya kawo mata wasiƙar neman auren wata mata ta duba masa, shafi huɗu, cike da wata da taurari. Ya karanta mata, ta saurara har ƙarshe, ta ce ya yage, ya rubuta: ina son ki, ina da kwale-kwale, zan zo gidanku Lahadi.

A watan Mayu aka sha bikin Eusebio da amaryarsa, Pilang ce ta buɗe rawa.