Yaya Bai Rufe Mai Ba

Na buga kik har ƙafata ta yi tsami, mashin ɗin Yayana ya ƙi tashi. Fetur kawai ke tsiyaya daga kafireto.

Na tura shi wurin wani tsohon bakanike a Magajin Gari. Ya kwance kafireton, ya nuna min allurar cikinsa da tsohon mai ya manne.

Ya ce, "Mai shi bai rufe mai ba da zai ajiye. Ina yake?"

Na ce, "Baba, gona ya leƙa a ƙafa, don kar 'yan bindiga su ƙwace mashin ɗin. Sai shi suka ɗauke. Shekara biyu ke nan."

Ya wanke, mashin ya tashi da bugu ɗaya. Ni na kasa hawa.

Jama'a, in rufe man ne, ko in bar shi yadda Yaya ya bari?