Maɓallan Isaka a ofishin manoman albasa

Isaka mutumin Galma ne, kuma duk wanda ya taɓa ciniki da shi ya san ba shi da daɗin baki. Ya yi gyaran injin ban ruwa tun yana saurayi, har ranar da bel ɗin wani inji ya cinye masa yatsu uku na hannun dama. Ƙungiyar manoman albasa ta tausaya masa, ta ba shi aikin duba farashin kasuwanni da labarin ruwan sama a odinater ɗinta, wato kwamfuta, da ke ofis a Madawa.

Rubutu da yatsu biyu azaba ne. Kafin ya gama buga adireshin shafi guda, rezon intanet ya ɗauke. Sai ya zauna ya yi ta tone-tone a nabigater, manhajar da ake shiga intanet da ita, har ya gano yadda ake ƙara maɓallai a layin sama. Ya sa ɗaya na farashin albasa a Abijan, ɗaya na Kwatano, ɗaya na hasashen damina, ɗaya na rediyo. Daga baya ya ƙara na kokowa, da na wa'azi, da na ƙara girman rubutu. Layin ya cika maƙil, har gurbin rubuta adireshi ya tsuke.

Odinater ɗin kuwa ba nasa ba ne shi kaɗai. Mardiyya, sakatariyar ƙungiyar, da shi take aika saƙonni. Wata safiya Isaka ya zo ya tarar da layin fayau.

"Wa yat taɓa min kayana?"

"Ni nac cire su, Baba Isaka," in ji Mardiyya, ba ta ko ɗaga kai ba. "Wanga ba rumfar kasuwa ba ce. Jiya gaban baƙi na taɓa wani abu, kiɗan kokowa ya tashi."

"To hannunki na rawa, laihina ne?"

Ya wuni yana mayar da su ɗaya bayan ɗaya, yana huci. Washegari ta sake sharewa. Haka suka yi ta yi har aka fara cirar albasa. Gaisuwa ta mutu tsakaninsu. In ta shigo sai ya juya mata ƙeya, in ya fita sai ta goge kujerar da tsumma tana tsaki.

Abin ya ɓaci ranar da Isaka ya ƙirƙiro sabon maɓalli ya raɗa masa suna "Madam Shara", wanda in an danna shi sai hoton jaka, wato macen jaki, ya buɗe. Mardiyya ta gani. Da azahar, yana masallaci, ta kulle odinater ɗin da kod, wato lambar sirri.

Ya dawo ya buga teburi har linzamin odinater ɗin ya faɗi ƙasa.

"Buɗe shi!"

"Ba ni buɗewa. In kai tsoho ne, ni ba ɗiyarka ba ce da za ka zage ni."

Maiguwa, shugaban ƙungiyar, ya ji hayaniyar daga inda ake ɗaure buhuna, ya shigo. Ya saurari kowa. Mardiyya da kanta ta ce akwai mafita: nabigater ɗin na iya raba wa kowa ɓangarensa, Isaka ya cika nasa da abin da ya ga dama, nata ya zauna yadda take so. Maiguwa ya ce madalla, amma sai Isaka ya ba ta haƙuri kan jakar.

"Ni? Wagga yarinya?" Isaka ya ɗauki hularsa. "Ku riƙe injinku."

Ya koma Galma, ya kama garka, wato lambu, a bakin fadama tare da ƙanensa Alƙasim. Mardiyya ta karɓi aikin farashin a kan nata, kullum tana ƙorafin ya yi mata yawa. Maiguwa ya aika masa sau da dama ya dawo, ya ƙi.

Bara an haɗu da su wurin sunan jikan Maiguwa. Aka zaunar da Isaka kusa da ƙofa, Mardiyya ta zo wucewa da kwanon fura. Ya janye ƙafarsa don ta wuce, ita kuma ta miƙa wa na kusa da shi kwanon.