Abin da na taɓa a cikin Hadiza

Shekara goma sha ɗaya na yi ina binciken mata a bakin iyakar Illela, amma ranar da har yau ba ta bar ni ba wata ranar kasuwa ce a damina, shekara biyu kafin in ajiye aiki.

Ku sababbin ma'aikata, ga ƙa'idar: namiji ba ya taɓa mace. Idan an yi zargi, ni ake kira, in kai ta ɗakin da ke baya, in saki labule. Ranar nan an tare ɗakin da wasu buhuna huɗu da aka kama, ni kuma na gaji. Sai na ce bari in laluba a gefen mota kawai.

Motar Ƙwanni ce, garin da ke tsallaken iyaka. Na sauko da wata mata, Hadiza, tana tare da mijinta Malam Sani da uwarsa. Hannuna na kaiwa gefen cikinta na ji wani abu mai taushi. A lokacin masu safarar ƙwaya a ƙugu suke ɗaurawa.

Ta ce a hankali, "Don Allah Yaya, mu shiga ciki."

Wallahi na ɗauka tsoron kamu ne. Na ɗaga murya, "Mi kika ɗaura nan?" Na fizga.

Ashe aiki aka yi mata a Sakkwato, aka fito da hanji ta gefen ciki, bayan gida yana zuba cikin wata leda da ake liƙawa a fata. Ita na ɓalle. Zane ya ɓaci, wari ya tashi, fasinjoji suka ja da baya.

Malam Sani bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓe ta, ya ciro sabuwar leda daga jakarsa. Na miƙa hannu in taimaka. Ya ce, "Bari, Hajiya. Ni ke canza mata."

Sai tsohuwar ta ce, "Sani, wagga ita ke tuƙa mini tuwo shekara biyu?"

Nan na gane abin da na tona. Shekara biyu su biyu suna ɓoye mata, don kada ta ce ya sake ta. Ogana ya tambaye ni, "Me ya hana ki kai ta ɗaki?" Kunya ta hana ni ko kallon ƙafar Hadiza.

Bayan wata takwas suka zo wucewa a babur, tana bayansa, ta kau da fuska. Na yi ƙarfin hali na tambayi lafiyar Inna. Ya ce ta ba shi zaɓi, ko ita ko matarsa, ya zaɓi matarsa, ta koma gidan ƙanensa, ko ruwan gidansu ba ta sha.

Aure ya tsira, amma ni na raba ɗa da uwarsa saboda ƙyuyar kwashe buhu huɗu. Don haka idan mace ta ce muku a shiga ciki, ku shiga. Ba duk abin da aka ɓoye ƙarƙashin zane ne na hukuma ba.