Shinkafar Sito a Kurfotin Ƙanwata

Ni na yi faɗan a taron kwamiti, har sai da muryata ta dushe. A lokacin ina kula da ɗakin kwamfuta na wata kwaleji a Yelwa, malamai da ɗalibai kuma sun buɗe ɗan sito na abinci saboda waɗanda guzurinsu ke ƙarewa tun zango bai yi nisa ba. Manoman Shanga kan aiko da shinkafa, masuntan Warra su aiko da banda. Abinci na nan jibge, masu karɓa ne babu. Wa zai yi layi a gaban 'yan ajinsu da leda a hannu?

Aka ce in haɗa manhaja. Shugaban kwamiti yana son suna da hoton duk mai karɓa, ni kuwa na ce sai dai a nemi wani. Abin da na haɗa mai sauƙi ne, ko da 'yar wayar nan mai tocila yana aiki. Ka tura saƙo, a turo maka lamba, ka kai tagar bayan sito ko ka aiki wanda ka ga dama. Da an miƙa kaya, layin wayarka ya goge daga na'ura. Na sha baƙar wuya kafin abin ya zauna, yau ba sabis, gobe ba wuta, amma sito ya fara motsi, ni kuma na fara tafiya ina buɗa hammata.

Dattijuwar da ke riƙe da makullin, wata Bakambariya da kowa ke kira Mama, ba ta yarda da baƙar leda ba. Da ƙyallen tsohuwar atamfarta take ɗaure kowane ƙunshi, kore mai zanen ganye.

Ƙanwata na aji biyu a kwalejin, suna haya da ƙawayenta a bayan makaranta. Wata Asabar na kai mata saƙon Inna, aka ba ni benci a tsakar gida. Ina ɗaga ido sai ga koren ƙyallen nan rataye a ƙusa kusa da kurfoti, murhunsu na gawayi. Na dubi ƙanwata da kyau. Ido ba mudu ba, amma ya san kima, yarinyar ta zube. Na ba da saƙo na fito.

Daga ranar zama ya gagare ni. In shiga ofis in buɗe na'ura, in tarar da lambobi tsirara ba sunan kowa, in rufe, in sake buɗewa kamar wani abu zai canja. Na yi ta laluben ko na bar wata kafa a aikin. Ban bari ba, kuma a karon farko na ji haushin iya aikina. Wanzami dai ba ya son jarfa. Wataƙila ƙyallen na ƙawarta ne, in ji zuciyata. To in nata ne fa? Ina makarantar nan da albashina, ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya tana zagayawa tagar baya?

Na je wurin Mama da 'yan dabaru, wai ina duba yadda aiki ke tafiya. Na kewaya na kewaya, na sako zancen.

Ta kalle ni ta saman tabarau. "Malam, ni lamba nika gani, ba huska ba. Matsa mini, kana tare haske."

Na hau babur na yi bakin ruwa, na kalli jirage na lodi, na kasa tsayawa, na juyo. Ban san sanda na tsinci kaina a ƙofar gidan su ƙanwata ba. Tana tsugune tana fifita gawayi.

"Wanga ƙyalle na wa ne?"

"Nawa ne, Yaya."

Na so ta yi mini ƙarya, wallahi na so. Raina ya ɓaci, na hau faɗa: ina raye, ina garin nan, me ya hana ta buɗe baki?

Ta bari sai da na gaji. "Yaya, matarka ta haihu, Inna ba ta da lahiya, duka kanka sunka hau. Da wane baki za ni ƙara maka? Can kuwa ba wanda yat tambaye ni ko ɗiyar wa nike."

Na ce gobe zan aiko mata da buhu. Ta ce in aika wa Inna, ita tana da inda take samu. Sannan ta sauke tukunya, ta zuba shinkafa a faranti, ta ɓare banda ta ɗora mini mai tsokar, ta turo gabana.

"Ci, Yaya. Kai ma ka rame."

Na wanke hannu na kai loma. Ta daɗe a bakina kafin ta wuce.