Zaman da Na Shirya a Gindin Tsamiya

Ku matso, 'ya'yana, ku ara mini kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, da hannuna na ƙulla shi, da idona na ga ƙarshensa. Ban yi boko ba, jikata ce ke rubuta muku, ni ina faɗa.

A shekara ta biyu da fara yaƙin basasa ina yarinya mai goyon fari, muna zaune a wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Ƙarfi. Maigidana manomin auduga ne, mutum mai sanyin hali. Da mu huɗu ne manya a gidan: ni da shi, da mahaifiyarsa da muke kira Inna, da ƙaninsa abokin wasana, wanda ba ya wuce ni bai ce tuwona zai yi jifan kare ba. Ƙanin nan ya shiga soja, aka yi kudu da shi. Tun ranar da ya hau jirgi a Funtua dariya ta ƙaura daga gidanmu. Inna ta rame. Maigida kuwa in ya ji ƙarar mota a hanya sai ya tsaya da fartanya a hannu har ta wuce.

Mu Kirista ne, kuma ina zuwa koyon ɗinki wurin wata Baturiya, matar malamin mishan. Wata rana na tarar ta tara 'yan mutane a inuwar mangwaro, an ɓoye abinci, mijinta na fitowa suka ɗauki waƙa. Ta ce mini ranar haihuwarsa ce, kuma daɗin abin duka shi ne kada ya sani. Na ga mutumin yana dariya har da riƙe ciki. Sai na ce a raina ni ma zan yi wa nawa, ko ya saki fuska na yini ɗaya.

Shi bai san ranar da aka haife shi ba, a lokacin wa ya sani? Na bi Inna da dabara, ta ce mini dai lokacin cirar auduga ne. Sai na zaɓi ranar da ta yi mini. Ita Inna ban gaya mata komai ba, don ba ta iya ɓoye wa ɗanta magana. Na ce in ya zo ya zauna sai a je a taho da ita. Na yanka zabina biyu a gidan maƙwabciya, muka toya waina, muka dama kunun zaƙi. Na roƙi fasto ya zo, da dattawan unguwa biyu. Don in girmama maigida na aika Gozaki a kira kawunsa, tsohon da ba ya taka ƙauyenmu sai da babban dalili.

Da la'asar muka shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiyar da ke bakin fadama. Na tura abincin bayan itacen na rufe da faifai. Na roƙi kowa ya yi shiru har sai ya iso. Na ji kawu yana ce wa fasto wannan zama bai kwanta masa ba, amma surukina ne, kunya ta hana ni tambayar dalili. Na tura aminin maigida gona ya ce masa ana kiransa, kada ya ƙara ko kalma. Shi kuma bawan Allah mai saurin dariya ne, don kada ta kuɓuce masa sai ya ɗaure fuska, ya sunkuyar da kai, duk tambayar da aka yi masa ya ce a dai je.

'Ya'yana, a ƙasarmu ta yaya ake gaya wa mutum rasuwa? Ba a faɗa masa a gona. Aiken amininsa ake yi ya ce ana kiransa. Ya zo ya tarar da dattawa zaune shiru, da fasto, da babban dangi daga nesa. Na san wannan tun ina ƙarama, amma ranar ɗoki ya rufe mini ido.

Na hango shi ya tsaya a kan kunyar gona, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, idonsa ya tsaya a kan kawu. Bai ƙaraso ba. Daga baya aminin ya ce abin da ya faɗa kawai shi ne: "Na gane. Bari ni in gaya wa Inna, kada ta ji a bakin wani." Kafin aminin ya fahimci inda maganar ta dosa, ya riga ya yanki hanyar bayan gida da gudu. Ni ina can ina murmushi, a zatona ya je ya sake riga ne. Sai muka ji kukan Inna, ƙara ɗaya, ta yanke.

Muka tarar da ita a ƙofar ɗakinta, bakinta ya karkace, ɓarin jikinta ya shanye. Na durƙusa ina rantsuwa babu wanda ya mutu, biki ne na shirya. Fasto ya gaya mata, kawu ya gaya mata, aka kawo wainar aka nuna mata. Ta dube mu ta gyaɗa kai, irin gyaɗawar wanda ya san ana lallashinsa. Ai ita ma ta sha ɓoye wa marasa lafiya rasuwa. Wata biyar ina juya ta, ina yi mata wanka, ina ba ta kunu a baki, kullum ina ce mata autanta yana da rai. Ba ta taɓa yarda ba.

Abin da na koya shi ne, al'adar da ka gani a gidan wani, kafin ka ɗauko ta ka tambayi abin da take faɗa a gidanku. Kuma gidan da ake jiran labari ba a yi masa wasan ɓoyo, ko na alheri ne. Matan yanzu masu shirya wa mazajensu irin wannan, ban hana ku ba, amma ku fara duba abin da zuciyarsa ke tsoro.

Inna ta rasu kafin ruwan farko. Kawu bai sake zuwa ƙauyenmu ba sai ranar jana'izarta. Maigida bai taɓa ɗora mini laifi ba, cewa yake shi ya faɗa mata, ba ni ba. Mun yi zamanmu har Allah ya ɗauke shi da furfurarsa. Ƙanin kuwa da aka gama yaƙi ya dawo lafiya lau, ko ƙwarzane babu, ya samu aiki a injin gurzar auduga a Funtua, ya yi aure ya hayayyafa. Ranar da ya dawo ya tambayi abin da ya kashe Inna. Maigida ya dube ni, ya ce masa tsufa ne. A kan haka ƙanin ya zauna, a kan haka muka binne shi bara.