Ranar da Kwabo Mai Huji Ya Kusa Kai Ni Kurkuku

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zai kwashe ranar da kwabo mai huji ya kusa raba ni da aikina a Dubai. Har yau in na tuna sai tafin hannuna ya jiƙe da gumi.

Lokacin korona ba ta zo ba tukuna. Ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, muna zaune a unguwar Al Nahda da matata da 'yarmu, su biyun duk a kan bizata suke. Ina da wata ɗabi'a da matata ke kira haukan manya, wato tara tsofaffin kwabbai. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci muke haɗuwa a wani gidan shayi a Al Rigga, da wani dattijo ɗan Indiya da wani ɗan Filifin da wasu 'yan kaɗan, kowa ya baje ƙananan kuɗin ƙasarsu da aka daina kashewa, a yi musaya, wani ma ya ba ka kyauta. Ni kullum karɓa nake yi, har abin ya fara ba ni kunya. Da zan tafi hutu gida sai na cika musu baki cewa zan kawo kwabon da ba su taɓa gani ba, mai huji a tsakiya.

A wurin Goggo, yayar mahaifina, na sami irin kwabban a ƙasan kwalla. Ta dube ni ta ce, "Kai da hankalinka da karatunka, wannan tarkacen za ka ɗauka har ƙasar Larabawa?" Ta ce in bar mata ta ɗaure mini. Ashe zura su ta yi a jan zare, ta yi ƙulli tsakanin kowane kwabo da ɗan'uwansa don kada su yi ƙara, ta naɗe a wata tsohuwar fata, ta cusa cikin turaren wutan da ta ba ni in kai wa matata. Ni kuwa ko dubawa ban yi ba.

Da hantsi jirginmu ya sauka a Dubai. Akwatina na wucewa ta na'ura sai wani matashin jami'i ya yafito ni gefe. Ya buɗe, ya zaro ƙunshin, ya warware. A nan ni ma na fara ganin aikin Goggo: fata, jan zare, ƙulle-ƙulle, ga kwabban kowanne da tauraro mai kusurwa shida da rubutun Larabci, duk suna ƙamshin turare. Fuskarsa ta canza. Ya dube ni ya ce, "Amal?"

Ina da ɗan Larabcina na Islamiyya da nake ji da shi, na kuma san amal aiki ne. Na ɗauka tambayata yake yi ko aiki nake yi a ƙasar. Ban tabbata ba, amma ba na son a ce ban gane ba. Na washe baki na ce, "Na'am, amal!"

Sai ya saki zaren kamar ya taɓa garwashi, ya ja da baya yana ta'awizi. Kafin in ankara an karɓe fasfona da wayata, an kai ni wani ɗaki an rufe. Ina zaune ni kaɗai sai kaina ya buɗe. Mu ma a Hausa in an ce an yi wa mutum aiki, ai ba aikin ofis ake nufi ba. Sihiri ya tambaye ni, ni kuma da bakina na amsa masa, har da murmushi.

Na san a ƙasar nan ba a wasa da zancen sihiri, na sha jin ana ɗaure mutum a kansa, in ya gama a sa shi a jirgi. In aka soke bizata, ta matata da ta 'yarmu sun tafi. Ga su can waje sun zo tarbata suna jirana, ba su san ina nan ba. Sanyin ɗakin ya yi yawa amma rigata ta jiƙe sharkaf, na ji tsoron da ban taɓa jin irinsa ba.

Can sai wani babbansu mai furfura ya shigo tare da matashin, ya ajiye ƙunshin a tebur. Da Turanci ya tambaye ni, "Wa za ka yi wa wannan?"

Don ruɗewa da Hausa na fara amsawa: "Wallahi, ranka ya daɗe…" sannan na koma Turanci ina rantse-rantse cewa tsohon kuɗi ne kawai.

"Kai ka ce amal ne," in ji shi. "Yalla, maza kwance da hannunka."

Wanda bai taɓa kwance ƙullin Goggo ba bai san wahala ba. Farcena har ya tsage. Na kai zaren baki zan ja da haƙori, suka daka mini tsawa a tare da Larabci, "La! La!", wato a'a. Matashin yana tsaye yana karanta Falaƙi da Nasi ƙasa-ƙasa, ni ma su nake karantawa a zuci. Shi yana neman tsari daga gare ni, ni ina nema daga gare shi.

Da na gama, dattijon ya ɗauki kwabo ɗaya, ya murza da babban yatsa, ya ɗaga wajen haske. Ya karanta Larabcin da ke jiki a hankali, ya ga cewa kawai aka yi kwabo ɗaya ne. Ya juya, ya sake juyawa. Na roƙi a ba ni wayata, na nuna masa hotunanmu a gidan shayi, manyan mutane sun sunkuya a kan kwabbai. Ya daɗe yana kallo.

"Khalas, shi ke nan," in ji shi. Ya turo mini kwabban da fasfona, ya riƙe zaren da fatar. Har na kai ƙofa ya ce, "Habibi, ɗan'uwana, in ba ka gane ba ka ce ba ka gane ba. Ba mu taɓa kama kowa a kan wannan ba."

Ina fitowa na hangi iyalina, sai na ajiye akwatin na zauna a kansa. Matata ta ce, "Lafiya? Ko ba ka da lafiya ne?" Na jawo 'yarmu na rungume ta.

Abin da na koya ke nan: kunyar cewa "ban gane ba" ta ɗan lokaci ce, amma "na'am" ɗin da mutum bai san kansa ba yana iya cinye masa gida. Tun daga ranar, ko wa ya tambaye ni abu, da kowane yare, sai na ce ya maimaita kafin in amsa.